Ɗakunan Inna na Bakin Titi

Inna ba ta taɓa ganin ɗakunanta ba. Da wannan na fara saboda da shi aka kayar da ni daga baya, kuma har yanzu da na tsufa, in na tuna sai in ji abinci ya fita daga raina. Ɗakuna biyar ne a jere a bakin titin da ya fita daga garinmu ya nufi Kura, ginin bulo, rufin kwano, ƙofofinsu shuɗɗa. Daga gidanmu zuwa can, kafin ka gama shan gaɓar rake ɗaya ka isa. Amma Inna matar kulle ce irin ta da. In ta fita, to biki ne ko rasuwa a danginta da ke Bunkure, shi ma sai bayan magariba, kuma hanyar Bunkure ta bayan gari take, ba ta haɗuwa da titi. Ni ce idonta. Ni nake gaya mata gini ya kai linta, an ɗora kwano, an sa ƙyaure. Sai ta ce in sake faɗa mata launin ƙofar, in faɗa, ta yi murmushi ta koma kan wutarta.

Ina 'yar budurwa ruwan kanal na noman rani ya iso ƙasarmu. Kafin nan, in damina ta wuce maza sai zaman kashe wando ko tafiya ci-rani, amma da ruwa ya zo sai rani ya fi damina aiki. Alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa ta zo ta danne su duka. Manyan motoci suka fara jeruwa a bakin titi suna jiran kwandunan tumatir, baƙi daga kudu suka cika gari suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Kowa ya samu, ko kuma ya ce ya samu. Baba ma an ba shi fili a cikin rabon, mai kyau, dab da bakin ruwa. Sai dai Baba mutum ne mai son inuwa. Ya gwada noman na ɗan lokaci, taɓo ya ɓata masa ƙafa, sai ya riƙa ba da filin haya yana karɓar ɗan abin da ya samu, ya sa babbar riga ya tafi majalisa ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan dagaci. Ba zan rage masa ba, kyakkyawan mutum ne, ga iya zance. In yana ba da labari har mai goro mantawa yake ya ba da canji.

Inna kuwa turara shinkafa take yi. Wanda bai san aikin ba sai ya ɗauka dafuwa ce kawai. Za a jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta kwana a ruwa, a tsame, a zuba a rabin duro, a ɗora a wuta a rufe da buhu har tururi ya ratsa ta. Sannan a juye, a baza a tsakar gida, a yi ta juyawa da ƙafa a cikin rana kafin a kai inji. Itace yana da tsada, don haka da buntun shinkafa take hura wuta, shi kuwa buntu ba ya ci da harshe, hayaƙi kawai yake yi, irin mai shiga ƙirji ya nemi wurin zama. Duro huɗu gare ta. Tun da ta fara aikin ban sake ganin idon Inna da fari ba, kullum ja ne yana ruwa. Tafin hannunta in ta shafa ka sai ka ji kamar bayan tabarma.

A shekarar da aurena ya mutu aka fara ginin. Mijina na Garun Malam ya sake ni rana tsaka, ya fito min da kayana ƙofar gida, 'yata tana goye a bayana, masu wucewa kasuwa suna rage tafiya don su kalla. A bayan motar tumatir na dawo gida, a kan kwandunan da ba komai a ciki sai wari. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta kwance yarinyar daga bayana, ta ba ni ruwa, washegari ta nuna min duro na huɗu ta ce nawa ne in kula da shi. Ba a daɗe ba ta sa Baba ya nemo fili a bakin titi. Wata rana muna baza shinkafa ta ce da ni, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ɗakunan nan ke nake yi wa. In kina da ƙofar da ake biyan ki haya, babu ɗan da zai sake fito miki da kaya rana tsaka." Ni kaɗai ce 'yarta da ta rayu. Maganar ke nan da ta taɓa yi a kai, kuma daga ni sai kaji muka ji ta.

Da hayaƙin nan ta sayi filin, da shi ta sayi kowane bulo. Amma ba wanda ya taɓa ganin kuɗin a hannunta. Akwai wata farar babbar riga ta Baba, ita ma Innar ce ta saya masa, da ke rataye a ƙusa a bayan ƙofar turakarsa. In za a biya magini ko mai siminti, sai ta ƙulle kuɗin a tsumma ta sa a aljihun rigar kafin ya dawo daga masallaci. Ba ta ce masa komai, shi ma ba ya ce mata komai. Ya sa riga ya fita, ya tsaya a gaban gini, ya zura hannu a aljihu a gaban jama'a ya biya. Da aka fara haya ma haka, shi 'yan haya suke ba, ya dawo ya rataye rigar, ita ta je ta ɗauka ta bar masa na goro da na cefane. Na taɓa tambayar ta me zai hana ta aike ni in biya da sunanta. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "So kike a ce mace ce ke riƙe da gidan ubanki? Ai rufin asirinsa namu ne." Na ce to, don a lokacin ni ma gani nake hakan shi ne kirki.

Sau ɗaya ta nemi zuwa. Ranar da aka gama fenti ta ce da shi, "Malam, da ka yarje min da na leƙa bayan magariba, ko daga nesa." Ya ce titi cike yake da direbobi da 'yan dako, bai dace a ga iyalinsa a wurin ba, ta bari sai kakar tumatir ta wuce. Kakar tumatir ta wuce, wata ta zo, ita ba ta sake tambaya ba, shi kuma bai sake tunawa ba.

Da sojoji suka karɓi mulki sai haraji ya dawo, bayan an yi 'yan shekaru ba a biya. Wannan karon ba kan mutum kaɗai ba, har da shago da ɗakin haya. Aka zauna a ƙofar gidan dagaci ana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya mallaka. A garinmu kuwa tun zamanin kakanni ba a rubuta mace a haraji, ba kuma wanda ya taɓa tunanin za a fara. Da aka zo kan Baba aka ce ɗakunan bakin titi fa, sai ya ce, "Ba nawa ba ne, na mai ɗakina ne." Ina da yaƙinin ba da wata dabara ya faɗa ba. An tambaye shi ba shiri, ga mai kaki a tsaye, tsoro ya sa gaskiya ta kuɓuce masa. Aka ce wani ne ya fara tuntsurewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Dagaci ya sunkuyar da kai yana danne tasa. Malamin harajin wancan lokaci ɗan ƙasarmu ne, ya san al'ada, ya girgiza kai ya ce lallai wannan dattijo ya san takan duniya. Ya rubuta ɗakuna na mace ne, ya tsallake su.

Baba ya dawo gida ranar yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Ya fita yana fargabar asirinsa ya tonu, ya dawo shi ne gwanin gari. Kafin shekara ta zagayo rabin shagunan bakin titi sun zama na mata, har mai faci ya ce famfon ba tayoyi iska na matarsa ne. Aka riƙa zuwa wurin Baba neman shawara, shi kuma kullum yana ƙara wa labarin gishiri, wai tun ranar da aka haƙa harsashin gini ya hango dawowar haraji. Matan da ke shigowa sayen shinkafa su ma suka sami abin tsokana. "Sannu da aiki, mai gidajen haya," in ji su, suna kallon zaninta da buntu ya yi wa fari, su kwashe da dariya. Ita ma sai ta taya su. Ni kuwa raina ɓaci yake. Na ce, "Inna, gaskiya ɗaya tak da aka taɓa faɗa a kanki a bainar jama'a, ita ce aka mayar abin dariya." Ta ce, "In dai ya ji daɗi, ki ƙyale shi. Allah ya san na wane ne, shi ma ya sani." Ban taɓa zaton abin da mutum ya sani da abin da zai faɗa za su iya yin nisa haka ba.

Tarin da hayaƙi ya sa wa Inna ya daɗe tare da ita, har mun daina jin sa. Da ya tashi kwantar da ita kuwa bai ɓata lokaci ba. Na ce a kai ta asibiti, ta ce shanshera tana jiƙe, za ta yi tsami. Baba ya ce a ɗan dakata a gani. Ana cikin gani ta cika, da hantsi, a tsakiyar kakar tumatir. Maƙabartar garinmu a hayin titi take, don haka sai da masu makara suka bi ta gaban ɗakunan kafin su tsallaka. Ni ina gida tare da mata, amma matar wani ɗan haya ta gaya min duk sun fito sun tsaya a ƙofofinsu, har waɗanda ba Musulmi ba sun cire huluna. A saninsu matar mai gida ce ake wucewa da ita.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba aka turo sabon malamin haraji daga birni. Hukuma ta gano wasan shagunan mata. Mai shela ya zaga gari yana cewa duk abin hayar da ke da sunan mace a zo a tabbatar, wanda kuma mai sunan ta rasu a zo a faɗi na wane ne yanzu. In da gaske na mamaciya ne, a raba gado, magada su fara biya daga bana. In kuwa mutum ya fake da sunanta ne kawai, ya biya duk na shekarun baya, ya biya tara.

Kawu, ƙanen Inna, ya zo daga Bunkure a kan kekensa. Malamin allo ne, mai sanyin hali, irin mutanen da ko kaza ba sa iya kora da ƙarfi. Ya zaunar da ni ya ce a shari'a rabin ɗakunan nawa ne, Baba yana da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran nasa, kuma nasa ya bar min. Ban ji tsoron komai ba. A ganina ba abin da ake nema wurin Baba illa ya maimaita maganar da shi da bakinsa ya faɗa a ƙofar gidan dagaci shekarun baya.

Ranar zaman, da safe, na tarar da shi a tsakar gida ya sa farar rigar, yana shafa turare a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me za ka gaya musu?" Ya ce, "Abin da kowa ya sani." Bai dube ni ba, ya gyara hula ya fita. Ni kuwa na san abin da kowa ya sani a garinmu. Na bar 'yata wurin maƙwabta, na ja mayafin Inna da har lokacin yake ƙaurin hayaƙi, na bi bayansa.

Mace ba ta taɓa tsayawa ƙarƙashin darbejiyar nan ba. Da aka hango ni hira ta yanke. Dagaci ya ce, "'Yar nan, koma gida, ga ubanki nan zai yi magana." Malamin harajin ne ya ce a bar ni. Matashi ne siriri mai tabarau, da ganinsa ya gaji da ƙauye da ƙaryar ƙauye. Bai zo don ya zalunci kowa ba, suna ɗaya yake so ya rubuta ya wuce gari na gaba. Na durƙusa can gefe, inda aka tara takalma.

Da aka kira Baba ya tashi ya gyara riga ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan ɓoye ba. Ɗakuna nawa ne. Na sa sunan marigayiya ne don in kauce wa haraji, kuma duk wanda ke zaune nan ya sani. Allah ya jiƙanta, ita ba ta da laifi. Baiwar Allah ba ta ma san abin da ake ciki ba." Wannan ta ƙarshen ce ta kunna ni. Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Na juya ga mai tabarau na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakunan na mahaifiyata ne. Da turara shinkafa ta gina su, a gabana aka yi komai." Wuri ya ɗauki salati, kamar na fito ba zani.

Malamin ya ce to a kawo shaidu. Aka kira magini, tsoho mai amana wanda ba a taɓa jin sa da ƙarya ba. Aka ce wa ya biya shi. Ya ce Malam ne, da hannunsa, daga aljihun wannan rigar da ke jikinsa. Aka kira wanda ya sayar da filin, ya faɗi haka. Aka kira ɗan hayan da ya fi daɗewa, wani mutumin kudu mai sayen tumatir wanda Inna ta sha aika wa tuwo in ba shi da lafiya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai Baba yake ba kuɗin haya, bai taɓa ganin matar ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Da ƙarya suka yi da na sami wanda zan tsana. Kawu ya ɗaga hannu zai yi magana, dagaci ya ce wanda zai ci gado ba ya shaida a kan gadon, ni ma haka. Kawu ya sauke hannunsa ya koma kan carbi.

Na ce su saurare ni, na yi musu bayanin rigar da ƙusar da tsumman da ake ƙulle kuɗi. Ina faɗa ina jin yadda maganar take sauka a kunnuwansu, kamar tatsuniya. Wani daga baya ya ce, "Ashe rigar Malam haihuwa take yi, a ara mana ita." Aka yi dariya. Har mai tabarau sai da ya sa hannu ya rufe bakinsa.

Baba bai yi dariya ba. Ya jira wuri ya lafa, sannan ya ce cikin taushin murya, irin wadda yake lallashina da ita ina ƙarama, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi mata tambaya ɗaya. Ni na haife ta, na san ba ta ƙarya." Ya juyo, karon farko a ranar da ya dubi idona. Ya ce, "Uwarki ta taɓa taka ƙofar ɗakunan nan? Ta taɓa ganin su da idonta?"

Na dube shi, shi da ya ce ta bari sai kakar tumatir ta wuce. Na san ya tuna, na ga tunawar a fuskarsa. Na ce, "Sau ɗaya ta bi ta wurin. A makara." Har na fara zaton maganar ta shiga wani. Baba ya buɗe hannuwansa ya juya ga jama'a ya ce, "To, kun ji." Dagaci ya gyaɗa kai, mai tabarau ya cire murfin alƙalaminsa.

Zamanin soja ne na ladabtarwa, don haka malamin ya ce sai an yi misali da Baba saboda masu irin halinsa. Aka sa ya cire hula ya fita daga inuwa ya tsaya a rana har a gama rubutu. Ya tsaya, dattijo da furfurarsa, kai ba hula, gumi yana bin wuyan farar rigar. Ban taɓa ganin mutum yana amsa laifin da bai yi ba da irin wannan fara'a. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa sannu, shi kuma ya ɗaga hannu kamar mai karɓar gaisuwar sallah. Da zan tafi malamin ya kira ni ya ce, "Malama, ni ba alƙali ba ne. In kina da ja, kotu tana Kura." Kawu ya je ya yi tambaya a asirce wurin wani masani, ya dawo ya ce ko an je shaidu za a nema, kuma shaidun su ne dai waɗannan. Ya roƙe ni don darajar 'yar'uwarsa kada in ja wa kaina bakin uba a banza.

Gari kuwa ya yanke nasa hukuncin tun kafin la'asar. Baba namiji ne, ya yi wayonsa, an kama shi, ya tsaya ya amsa. Ni ce wadda ta tsaya gaban maza tana ƙaryata ubanta, kabarin uwarta ko kwantawa bai yi ba. Wasu matan suka ce yanzu suka gane dalilin da ya sa na Garun Malam ya fito min da kaya. Waɗannan matan su ne suka shekara da shekaru suna zama a tsakar gidanmu suna kallon Inna tana tari a kan duro. Da yawansu su ma suna da tasu ƙusar da tasu rigar a gida, na sani, su ma sun san na sani. Shi ya sa suka fi maza jin haushina.

Tarar da kuɗin shekarun baya ba su ba Baba wahala ba. Akwai buhunan shinkafar ƙarshe da muka turara ni da Inna, suna jingine a ɗakinta, na kasa taɓa su. Ya turo 'yan dako suka kwashe. Da na yi magana ya ce ai shi ya sayo shansherar, a tambayi dillali. Gaskiya ne, daga aljihun rigar aka biya dillali. Da liman ya zo rabon gado, abin da aka shimfiɗa a tabarma a matsayin dukiyar Inna shi ne durorinta, da kwanukan jerenta, da 'yan zannuwa. Liman ya raba tsakani da Allah, bai cuci kowa ba. Baba ya sayar da nasa duron a ranar.

Mai ɗakuna biyar a bakin titi ba ya daɗewa ba mata. Kafin ruwan farko ya sauka an ɗaura masa aure, ana bukatar ɗakin Inna, wanda nake kwana a ciki da 'yata. Shi da kansa ya kira ni turaka ya ce ɗakin ƙarshe na bakin titi ya zama babu kowa, in koma can, akwai ɗan fili a baya da zan kafa murhu. Wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Na ɗauka hanyarsa ke nan ta cewa ya sani, tunda bakinsa ba zai iya ba. Har na fara godiya, sai ya ce, "Haya kamar ta kowa. Kin san yanzu haraji nake biya a kansa."

Amarya da yamma za a kawo ta, don haka aka ce in kwashe kafin azahar. Na ɗora akwati a kai, na riƙe hannun 'yata, aka gangaro min da durorin da na gada a ƙasa suna ƙara tun daga ƙofar gida har titi. Mutanen majalisa suna zaune ƙarƙashin darbejiya, suka bi ni da ido. Rana tana tsaka. Da na isa na tsaya na dubi ƙofar. Shuɗin ya fara koɗewa, kuma masinjan haraji ya zana mata lamba da jan fenti, fentin ya zubo har ƙasa.

Na kafa murhu, na sayi shanshera da hannuna, na hura buntu. Da wata ya ƙare na ƙulle kuɗin haya na tafi gida. A hanya na yi niyyar a majalisa zan ba shi, a gaban kowa, ko da sau ɗaya a ga daga hannun da kuɗi ke fitowa. Amma ba ya majalisa, aka ce yana ciki. Na same shi a turaka shi kaɗai, yana kishingiɗe da 'yar shara, yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi yarinya, ya tambayi aiki. Na miƙa masa ƙullin da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya nuna bayan ƙofa da haɓarsa ya ce, "Sa a aljihu, yadda uwarki take yi."

Na daɗe a durƙushe. Ba kowa a ɗakin sai ni da shi da rediyo, ko kaza babu wannan karon. Na tuna 'yata tana can tana gadin wuta, kuma duk faɗin garin ba wata ƙofar da zan rufe a bayana sai waccan. Na tashi na je bayan ƙofar. Rigar tana nan a ƙusarta. Bakin aljihun ya saki, ya yi duhu ta gefe ɗaya, inda hannu mai toka ya shekara yana shiga. Na sa.